DARASIN WANNAN WATA: Yadda Za Mu Sabunta Manhajar Cikin Rautar Gida

 

A wannan fili mun saba kawo muku darussa a kan tsabtar ruwan sha, da ajiyar hatsi, da lafiyar yara. Wataƙila wani zai ce, me ya haɗa hukumar agaji da na'urar intanet? Amsar ita ce, aikinmu ne ya haɗa mu. Sunayen gwauraye da marayu da 'yan gudun hijira da muke taimaka wa ba a littafi kaɗai suke ba yanzu. Magatakarda yana aiko da su ta imel daga gidansa. Ma'aji yana tura kuɗin abinci ta manhajar banki. Zumuntar mata tana aiko da hotunan rasit. A gidaje da ofisoshi da yawa, duk waɗannan suna bi ne ta cikin ƙaramin akwati ɗaya da ke ajiye a kan kabad, wanda ba mai kula da shi sai ranar da intanet ya ɗauke. Amanar mutane ce ke wucewa ta wurin, shi ya sa muka ga ya dace mu yi magana a kansa.

MANUFAR DARASI

A ƙarshen darasin nan, muna so kowa ya san abin da ake nufi da manhajar cikin rauta, ya san dalilin sabunta ta, ya kuma iya yin aikin da kansa ba tare da ya lalata na'urar ba.

1. MECE CE MANHAJAR CIKI?

Rauta ita ce akwatin nan mai ƙananan fitilu, wata da ƙaho biyu wata da huɗu, wadda ke karɓo intanet ta rarraba wa wayoyi da kwamfutocin gida ta iska. Wata ana sa mata layin MTN ko Airtel ko Glo, wata kuma kebul ne ke shigo mata daga kamfani. Har ƙaramar nan ta aljihu da muke kira MiFi, danginsu ɗaya.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, rauta kwamfuta ce ƙarama. Tana da ƙwaƙwalwa, tana da ma'ajiya, tana kuma da umarnin da aka rubuta mata wanda take bi a kowane aiki. Wannan umarni shi ne masu ƙera na'urar suke rubuta wa suna "firmware" da Turanci. Mu a nan za mu kira shi manhajar ciki. Ita ce ke yanke wa za a bari ya shiga, wa za a hana, da kuma hanyar da kowane saƙo zai bi. Tana zaune a ma'ajiyar da ba ta gogewa ko an ɗauke wuta, shi ya sa rauta ke tuna aikinta duk lokacin da aka kunna ta.

Mutane ne suka rubuta wannan manhaja, ɗan adam kuwa tara yake bai cika goma ba. Bayan an sayar da na'ura, masu bincike sukan gano kurakurai a ciki. Wani kuskuren yakan sa intanet yawan yankewa ne kawai. Wani kuma kafa ce da baƙo zai iya shigowa ta cikinta daga nesa. In an gano, kamfanin yakan fitar da sabuwar manhaja mai gyara. Sa wannan sabuwa a madadin tsohuwa shi ne sabuntawa.

Ga abin lura a nan. Ranar da kamfani ya fitar da gyara, ranar ce duniya ke sanin akwai kafa a wurin, har da ɓarayi. Don haka rautar da ba a sabunta ba ta fi shiga haɗari bayan fitowar gyaran fiye da kafinsa.

2. ME ZAI FARU IN MUN ƘYALE?

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bari mu kawo abubuwan da suka faru a zahiri.

A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta bazu a duniya. Aikinta shi ne ta bi intanet tana ƙwanƙwasa ƙofar kyamarorin tsaro da rautoci, tana gwada sunaye da kalmomin sirri wajen 60 irin waɗanda kamfanoni ke sawa tun daga masana'anta. Duk na'urar da mai ita bai canza kalmar ba, sai ta buɗe. Dubban ɗaruruwan na'urori suka zama kamar sojojin haya, masu su ba su sani ba. Ranar 21 ga Oktoba, 2016 aka tura su kan wani kamfanin Amurka mai suna Dyn, sai manyan shafuka irin su Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa ga mutane da yawa na tsawon sa'o'i.

A ƙarshen Nuwamba na shekarar, wani nau'in Mirai ya faɗa wa rautocin kamfanin Deutsche Telekom a Jamus, kimanin gidaje 900,000 suka rasa intanet. Maganin da kamfanin ya yi shi ne ya fitar da sabuwar manhajar ciki, ya ce wa jama'a su kashe rauta su sake kunnawa domin ta ɗauko gyaran. Mutumin da ya yi wannan ɓarna, wani ɗan Ingila, shi ne kuma ya kai wa kamfanin waya na Lonestar hari a Laberiya. Kotu a Landan ta ɗaure shi shekara 2 da wata 8 a Janairu 2019. Kun ga ke nan Afirka ta Yamma ba ta tsira ba.

A watan Mayu 2018 masu bincike na kamfanin Cisco suka ba da labarin wata manhajar mai suna VPNFilter, wadda ta shiga na'urori aƙalla 500,000 a ƙasashe 54. Tana iya leƙa abin da ke wucewa ta rauta, tana kuma iya kashe na'urar gaba ɗaya. Hukumar FBI ta Amurka sai da ta roƙi jama'a su kashe rautocinsu su kunna, su kuma sabunta manhajarsu.

Wanda ya fi shafar ma'ajinmu shi ne abin da ya faru a Brazil a shekarar 2018 ɗin. Rauta ce ke nuna wa waya inda kowane shafi yake in an rubuta sunansa, kamar ɗan jagora a tasha. Ɓarayi suka shiga dubban rautoci suka karkatar da wannan jagora. Mutum zai rubuta sunan bankinsa daidai, amma a kai shi shafin bogi mai kama da na gaske, ya zuba lambobinsa da hannunsa.

A duk waɗannan, rautar tana ci gaba da haska fitilunta kamar kullum. Ba ta ƙara, ba ta hayaƙi. Shi ya sa ba za mu jira sai mun ga alama ba.

3. SHIRI KAFIN A FARA

A Littafin Nehemiya sura 2, kafin Nehemiya ya tara mutane su gyara garun Urushalima, sai da ya fita da dare ya dudduba inda ya rushe. Mu ma dubawa za mu fara yi, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Na farko, ku juya rautar ku karanta takardar da ke manne a ƙasanta. Ku kwafe abu huɗu a littafi: sunan kamfani, lambar samfuri, lambar zubi, da adireshin shiga tare da suna da kalmar sirri na masana'anta. Lambar zubi ita ce wadda ake rubutawa V1 ko V2 ko Ver 3.0. Kada ku raina ta. Rautoci biyu suna iya zama da suna ɗaya da kama ɗaya, amma kayan cikinsu dabam. Manhajar V1 ba ta V3 ba ce. Wasu kuma suna da alamar yanki, kamar EU ko US, ita ma a kwafe.

Na biyu, ku tanadi wutar da ba za ta yanke ba. Wannan shi ne babban abu a wurinmu. Lokacin sabuntawa, rauta tana goge tsohuwar manhaja tana rubuta sabuwa a gurbinta. In wuta ta ɗauke a tsakiya, sai ta zama ba tsohuwa ba sabuwa, ta kasa tashi. Mun ɗanɗana wannan a ɗaya daga cikin ofisoshinmu na karkara. Wani ɗan'uwa mai himma ya fara aikin da yamma a kan janareta bai duba mai ba. Ana tsakiyar aiki janareta ya mutu. Rautar ba ta sake tashi ba, ofishin ya yi kusan mako biyu ba intanet, sunayen waɗanda za su karɓi hatsi a watan sai da aka kawo su a mota. Saboda haka ku jona rautar a inbata, ko sola mai cikakken batir, ko ƙaramin batirin nan da ake sayarwa domin rauta. In janareta ne, a cika masa mai. In MiFi ce, a cika ta da caji tukuna. In ba ku da tabbacin wuta ranar, ku bari sai wata rana. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na uku, ku nemi kebul ɗin intanet, irin wanda yakan zo cikin kwalin rauta, ku haɗa kwamfuta da ɗaya daga cikin ramukan da aka rubuta wa LAN. Haɗin iska yakan yanke, kebul ya fi aminci. In kwamfutar tafi-da-gidanka ce, a tabbata batirinta a cike yake.

Na huɗu, ku sanar da mutanen gida ko na ofis cewa intanet zai ɗauke na ɗan lokaci, kuma kada kowa ya taɓa soket. Kada a zaɓi lokacin da ake tura kuɗi, ko safiyar Lahadi in ikkilisiya na watsa sujada ta intanet.

4. MATAKAN SABUNTAWA

Mataki na 1. Ku buɗe burauza, wato Chrome ko Firefox ko makamancinsu. A layin sama ku rubuta adireshin da kuka kwafo. Yawanci 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1. Rautocin Huawei masu layin waya sukan yi amfani da 192.168.8.1.

Mataki na 2. Shafi zai fito yana neman suna da kalmar sirri. Ku lura, wannan ba kalmar Wi-Fi da kuke ba baƙi ba ce. Mabuɗin ɗakin sarrafa na'urar ne. In ba a taɓa canzawa ba, shi ne wanda ke rubuce a ƙasan rautar.

Mataki na 3. Ku nemi inda aka nuna lambar manhajar da ke ciki yanzu. Tana yawan zama a shafin farko, ko ƙarƙashin "Status" ko "Device Information". Ku rubuta ta a littafi tare da kwanan wata.

Mataki na 4. Ku ajiye saitinku. Yawancin rautoci suna da wurin da aka rubuta "Backup", wanda zai sauke muku ƙaramin fayil mai ɗauke da duk saitin. Ban da wannan, ku ɗauki hoton muhimman shafuka da waya: sunan Wi-Fi, da APN in rauta mai layi ce, da suna da kalmar sirrin da kamfanin intanet ya ba ku in ta kebul ce. Wata sabuntawar takan mai da komai yadda ya fito daga masana'anta.

Mataki na 5. Ku nemi shafin sabuntawa. Sunansa yakan zama "Firmware Upgrade" ko "Update", a ƙarƙashin "System Tools" ko "Administration" ko "Advanced". Daga nan hanya ta rabu biyu.

Hanya mai sauƙi: in kun ga maɓallin "Check for Updates", ku danna. Rautar za ta tambayi kamfaninta da kanta, in akwai sabuwa ta nuna muku, ku amince. Wannan ta fi aminci, domin na'urar ce ke zaɓar abin da ya dace da ita. Rautocin da kamfanonin waya ke sayarwa da tambarinsu a jiki, ta wannan hanya kaɗai za a bi da su. Kada a ɗauko musu manhaja daga wani wuri, domin an yi musu tasu ta musamman. Wasu sababbin rautoci kuma ta manhajar waya ake sarrafa su, kamar Tether ta kamfanin TP-Link, maɓallin yana can ciki.

Hanya ta hannu: in babu wannan maɓalli, ku je shafin kamfanin da ya ƙera rautar, sashen "Support" ko "Download". Ku rubuta lambar samfuri, ku zaɓi lambar zubi da yankin da suka yi daidai da naku. Ku karanta ɗan bayanin da ke tare da fayil ɗin, domin wani lokaci akan ce sai an sa wata manhajar tukuna kafin wannan. In fayil ɗin ya zo a ƙunshe da .zip a ƙarshen sunansa, sai a kwance shi a fito da na ciki, wanda yakan ƙare da .bin ko .img ko .trx. Ku koma shafin rauta, ku danna "Browse" ko "Choose File", ku zaɓi fayil ɗin. Ku sake gwada sunansa da abin da ke littafinku kafin ku danna "Upgrade".

Muna jan kunne ƙwarai: daga shafin kamfani kaɗai ake ɗauko manhajar ciki. Ba daga WhatsApp ba, ba daga filashin wani a kasuwa ba, ba kuma daga saƙon da ya zo yana cewa ku danna nan da gaggawa ba.

Mataki na 6. Ku naɗe hannu. Za ku ga layi yana cika a hankali, fitilu suna ƙyaftawa, daga baya rautar ta mutu ta sake tashi da kanta. Yawanci 'yan mintoci ne. Kada a rufe burauza, kada a zare kebul, kada a danna komai. Ko kun ga kamar ta tsaya, ku ba ta minti 10 cikakku. Sau da yawa rashin haƙuri ne ke kashe rauta, ba manhaja ba.

Mataki na 7. Ku sake shiga ku duba lambar manhaja. In ta bambanta da wadda kuka rubuta, aiki ya yi. Ku gwada buɗe shafi ɗaya ko biyu a waya. In saiti ya goge, ku mai da shi daga hotunan da kuka ɗauka.

5. TUNDA AN RIGA AN SHIGA

A sura 7 ta Nehemiya, da aka gama garu aka kafa ƙofofi, sai aka sa masu tsaron ƙofa. Garu mai kyau da ƙofa a buɗe aikin banza ne. Kafin ku fita daga shafin, ku yi waɗannan:

a) Ku canza kalmar sirrin ɗakin sarrafawa. In har yanzu "admin" ce, to irin ƙofar da Mirai ta bi ke nan. Ku sa doguwa, kalmomi uku ko huɗu da lambobi, ba sunan ikkilisiya ko lambar wayar fasto ba. Wannan matsala ta kai har Birtaniya ta kafa doka, wadda ta fara aiki ranar 29 ga Afrilu, 2024, ta hana sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri mai sauƙin cinka.

b) A saitin Wi-Fi ku zaɓi WPA2 ko WPA3. Kada ku zaɓi WEP, an daɗe da karya shi. Ko WPA2 ɗin ma, a Oktoba 2017 wani mai bincike a jami'ar Leuven ta Beljiyam, Mathy Vanhoef, ya nuna yana da rauni, kamfanonin waya da na kwamfuta da na rauta suka fitar da gyara. Wannan ya nuna mana wayoyinmu ma suna bukatar sabuntawa.

c) Ku kashe WPS. Tun Disamba 2011 aka gano cewa lambarsa mai alƙaluma 8 ana iya cinko ta da gwaji kimanin 11,000 kacal, abin da kwamfuta ke gamawa cikin sa'o'i.

d) Ku kashe "Remote Management", wato sarrafa rauta daga nesa, sai in akwai dalili mai ƙarfi.

e) In akwai "Auto Update", ku kunna, muddin rautar tana kan batir ko inbata. Da yawansu da tsakar dare suke sabunta kansu.

f) In baƙi da matasa suna yawan neman Wi-Fi, ku buɗe musu na baƙi dabam, wanda ake kira "Guest Network", domin kada wayoyinsu su haɗu da kwamfutar ofis.

6. IN AN SAMU MATSALA

In bayan minti 10 rautar ba ta dawo daidai ba, ku kashe ta, ku jira kaɗan, ku kunna. In ba ta yi ba, akwai ɗan rami a bayanta da aka rubuta wa "Reset". Tana kunne, ku sa tsinke ku danne kimanin daƙiƙa 10. Wannan zai goge saitinku duka ya mai da na masana'anta, amma ba ya gyara manhajar da ta lalace. In har yanzu fitila ɗaya ce ke ƙyaftawa ba ta daina ba, kada ku yar da ita tukuna. Rautoci da dama suna da hanyar ceto da kamfani ya tanada, ana sake zuba manhajar ta kebul. Wannan aikin wanda ya san kan abin ne, ku kai masa. In ta kamfanin waya ce, ku kai ofishinsu.

7. RAUTAR DA TA TSUFA

Kamfani ba ya gyara na'ura har abada. Bayan wasu shekaru yakan daina fitar mata da sabuwar manhaja, ko da tana aiki lafiya. A watan Mayu 2025 hukumar FBI ta yi gargaɗi cewa masu laifi suna kama irin waɗannan tsofaffin rautoci suna ɓuya a bayansu, ta yadda in an bi sawun laifi sai a iske adireshin mai gida.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin kayanmu da yawa kyauta ce daga abokan hidima, wasu kuma na hannu ne da muka saya da araha. Muna godiya ga Allah domin masu bayarwa. Amma kafin a jona rautar da aka ba mu, a yi mata "Reset", a duba shafin kamfaninta. In an rubuta cewa an daina kula da ita, ko manhajarta ta ƙarshe ta yi shekaru da yawa, kada a ɗora mata aikin banki ko sunayen mutane. A sa kuɗin sabuwa cikin kasafin shekara. Kuɗin rauta ɗaya bai kai asarar kuɗin abincin marayu na wata guda ba.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Waɗanne bayanan mutane ne ke bi ta rautar gidanku ko ta ofishin ikkilisiyarku? Wa zai cutu in sun faɗa hannun da bai dace ba?
2. Wa ya san kalmar sirrin ɗakin sarrafa rautarku? In ya yi tafiya ko an yi masa canjin wurin aiki, ina za a same ta?
3. Wace wuta ce mafi aminci a wurinku domin wannan aiki?
4. Waɗanne matasa ne a cikinku za su iya taimaka wa dattawa da gwauraye da ke da rauta a gida?

AIKIN YI

A wannan mako kowa ya juya rautarsa ya kwafe abin da ke ƙasanta. Kowane kwamiti ya zaɓi mutum ɗaya da mataimakinsa su riƙa dubawa sau ɗaya a wata uku, suna rubuta kwanan wata da lambar manhaja a littafin ofis. Kalmar sirri kuma a rubuta ta a sa a ambulan, a ajiye inda ake ajiye takardun banki.

A zamanin Nehemiya, mutane da yawa sun gyara sashen garun da ke daura da gidajensu ne, da haka aka gama aikin cikin kwana 52. Mu ma ba a ce mu gyara intanet na duniya ba, namu sashen kawai aka ba mu. Wanda ya gamu da wata wahala ya rubuto mana ta hannun magatakardan yankinsa, za mu amsa a fitowa ta gaba in Ubangiji ya yarda.

Allah ya ba mu hikima da aminci cikin abin da aka danƙa mana. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka. Amin.